Celeron: ƙwaƙwalwar ordinatar ta masu ƙaramin ƙarfi

Waɗanda suka zauna sibar a Maraɗi ko Damagaram wajen 2005 sun san ƴar takardar nan da ake liƙawa gaban akwatin ordinatar, an rubuta Celeron. Sunan ƙwaƙwalwar da ke ciki ke nan, wadda ke yin duk lissahin na'urar.

Kamfanin Intel na Amurka ya hito da ita a watan Afrilu 1998, kuma dole ce ta sa. Lokacin AMD da Cyrix sun fara cinye mishi kasuwar ordinatar masu araha, na ƙasa da dala 1000. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Sai Intel ya ɗauko Pentium II, ya cire mata ƴar ma'ajiyar kusa da ake kira kash, ya saida da rahusa. Ku ɗauka mai tebur ne da ba ya aje canji a aljihu, duk wanda ya sayi ashana sai ya ruga gida ya ɗauko. Haka Celeron ta farko mai gudun megahaz 266 ta kasance, ta sha zagi kuwa.

Wata huɗu kawai, a Agusta 1998, aka gyara. Celeron 300A ta zo da kash na kilobayit 128 a cikin jikinta, masu ƙwaƙule-ƙwaƙule suka gano ana iya tura ta har 450, tana goga kafaɗa da Pentium II mai tsada nesa ba kusa ba.

Mu dai sai daga baya ta iso mana, okaziyo, bayan ofisoshin Turai sun gama da ita, ta biyo tashar ruwan Kwatano. A kanta da yawanmu muka buɗe adireshin Yahoo na farko, muna kallon agogon mai sibar. Tana da nawa, gaskiya, amma ta koya mana aiki.

A 2022 Intel ya sanar zai daina sa sunan a sabbin ordinatar na hannu daga 2023. Tsoffin na tebur kuwa suna nan kasuwa. Mai shirin saya wa yaro ya sani: irin waɗancan ba su ɗaukar Windows 11, kuma Microsoft ya tsaida gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10 tun ran 14 ga Oktoba 2025.