Masu Karanta Kwanson Harsashi a Tamale

Kakana maƙeri ne a Zangon Tamale, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa fama da bindigar da ta riƙe kwanso ba. Adakar da yake gyara wa Kambonsi, 'yan bindigar sarakunan Dagwamba, ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna, a harba. Ciwonta bai wuce ƙanƙara ta ƙi ba da wuta ba, ko damina ta jiƙa albarushi. Da irinta Dagwamba suka tari Jamusawa a Adibo, kusa da Yendi, a 1896, kuma jinkirin ɗuri na cikin abin da ya ci su. Har gobe ita ce ke tashi a bikin Damba da na Bugum.

Harsashi mai kwanson tagulla ya kawo sauri, ya kuma kawo sabuwar wahala: bayan harbi dole kwanson ya fita kafin wani ya shiga. Bindigar Martini-Henry, wadda sojan Ingila suka ɗauka a 1871, ta yi ƙaurin suna wajen riƙe kwanso in ta yi zafi, saboda tagullar harsashinta na farko siririya ce. Hausawan da Baturen Ingila Glover ya kawo daga Legas a 1873 don yaƙin Asante su ne tushen rundunar da ta zama Gold Coast Regiment a 1901, shi ya sa Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki. Da Turawa suka mai da Tamale hedkwatar Arewacin Gold Coast a 1907, gyaran bindiga ya rabu biyu: maƙera na zango, da masu kula da makamai na bariki. Ni na tashi a gidan farko, na yi aiki a na biyu.

Ƙaramar bindigar da na fi sani ita ce Browning Hi-Power, ƙirar kamfanin FN na Beljiyam tun 1935, mai cin harsashi 13. Ƙarfin harbin ne da kansa ke tura saman bindigar baya, wata 'yar ƙugiya ta kamo bakin kwanson ta jawo shi, wani ɗan ƙarfe ya buge shi ya fice ta taga. Aiki biyu ne daban, jawowa da fitarwa, amma sabon shiga yakan haɗa su ya ce "ta cije" kawai.

Sajen da ya koya mini ba ya taɓa bindiga sai ya ga kwansonta. "Yaro, tsinto mini su," haka yake cewa. In kwanson ya zauna a mazauninsa, bakinsa da tabon ƙugiya, to ƙugiyar ta kama ta zame, ko dai ta cinye, ko sifirinta ya mutu, ko dauɗa ta cika wurin. In kuwa ya fito ya maƙale a taga a tsaye, sai ya fara duban mai harbin, don sakakken riƙo yana shanye ƙarfin da bindigar ke bukata, haka ma tsohon harsashin da ya sha laima a ma'aji. Inda kwanso ke faɗuwa ma magana ce. Mai lafiya wuri guda take zubarwa.

Abin da ya fi ba mu aiki shi ne hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ke cika gari, yara kuma su yi ta labta mai da kyakkyawar niyya, ƙura da mai su haɗu su zama taɓo a ƙarƙashin ƙugiya. Mai kaɗan, goga da yawa, shi ne maganinmu.

Abin da ke ci mini rai shi ne makomar gidan farko. Dokar makamai ta 1972 ta hana ƙera bindiga ba da izini ba, kuma bayan faɗan da aka yi a yankinmu a 1994 da rikicin Yendi na 2002 ban ga laifin tsanantawar ba, don na ga gawarwaki da idona. An kafa hukumar kula da ƙananan makamai a 2007. Sai dai maƙeran kirki sun koma garma da ƙofofin ƙarfe, ilimin da ke hannunsu yana tafiya kabari tare da su. Uwar maƙerar kakana tana nan a zaurenmu, ɗan ƙanena na miƙe ƙafar babur a kanta.