Daga gobarar Cocoa House zuwa lungunan Sabo

Dattawanmu na Sabo ba su manta da ranar 9 ga Janairu 1985 ba, ranar da wuta ta kama Cocoa House a Dugbe. Bene ne mai hawa 26, wanda gwamnatin Jihar Yamma ta gina da kuɗin koko, aka kammala shi a 1965. Wutar ta fi ƙarfin 'yan kwana-kwana, kuma sai a 1992 aka sake buɗe ginin. Shekara biyu kafin wannan gobara, a Janairun 1983, dogon ginin NET da ke Ikko shi ma ya ƙone.

To, ba wai babu doka ba ne a lokacin. A zamanin Turawa aikin kashe gobara a Ikko yana hannun 'yan sanda, sai a 1963 aka yi dokar da ta ba shi hukumarsa, jihohi kuma suka kafa nasu. Amma doka ba ta ɗebo ruwa, ba ta kuma sayo tsani mai kaiwa hawa na ashirin.

Daga baya gwamnati ta juyo kan masu gine-gine. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta yi wa ginin da jama'a ke shiga inshorar gobara da rushewa. A 2006 kuma aka fito da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa, wanda ya yi maganar ƙofofin tsira da kayan kashe wuta.

Ga inda abin ya shafe mu. A ma'anar dokar 2003, wadda ta yi aiki har zuwa 2025, gidan da ke da 'yan haya ko baƙi masu kwana, shi ma an ɗauke shi a matsayin ginin jama'a. Unguwar nan kuwa tun kafuwarta a 1916 a kan saukar baƙi ta tsaya: fatake, 'yan goro, masu shanu. Mai gida nawa ne a cikinmu ya san da wannan?

Ku dubi lungunanmu. An ƙara ɗaki, an kafa shago a bakin hanya, waya ta hau kan waya, ga jarkar fetur kusa da janareto. Cocoa House yana bakin titi, duk da haka ya ci wuta. Yaya ke nan gidan da motar kwana-kwana ba ta iya shiga lungunsa? Ai buɗe hanya ba sai mun jira Abuja ba, aikin masu unguwa ne da masu gidaje. Allah Ya kiyaye.