Daga Bakan Gizo Zuwa Alwatika: Tarihin Juya Siffar Abu Daga Wani Fayil Zuwa Wani



Duk wanda ya taɓa buga labari da tsofaffin haruffan Hausa na kwamfuta, ya kai shago aka buɗe a wata na'urar, ya san abin da ke biyo baya: ƙ da ɗ da ɓ su koma akwatuna ko alamar tambaya. Masu zanen gini da injiniyoyi da masu katun suna da irin wannan ciwon, nasu ma ya fi tsanani, domin abin da suke ajiyewa siffa ce mai tsawo da faɗi da kauri, wadda ake kira 3D. Mu da muka bi ta kwalejin fasaha mun ga yadda zane ke fita lafiya daga wata manhaja, ya isa wata a gurgunce.

Matsalar ta girmi kwamfuta. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim, da tubali da azara. Maginan lokacin ba da zanen takarda suke aiki ba, siffar tana cikin kai da hannu. Daga ƙarshen shekarun 1950 wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya zagaya Najeriya yana auna tsofaffin gine-gine yana mayar da su zane. Da wannan awon aka sake gina kwafin masallacin da na wani yanki na ganuwar Kano a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, kuma littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990, bayan rasuwarsa. Wato daga ƙasa zuwa takarda, daga takarda a koma ƙasa. Takardar ta riƙe tsayin bakan gizo da kaurin bango. Kwana nawa aka bar ƙasar ta ruɓa, da yadda tafin magini ya bi yaɓe, waɗannan ba su da gurbi a cikinta. Duk da haka, da wani sashe na rufin masallacin ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023, rayuka suka salwanta, irin waɗannan zanuka sun zama cikin shaidun yadda ginin yake a da.

Da kwamfuta ta shiga aikin zane a shekarun 1970, kowane kamfani ya ƙirƙiro hanyarsa ta ajiya, ba mai jin yaren wani. Lissafin mai sauƙi ne. In akwai manhajoji goma, kuma kowace sai an yi mata tafinta zuwa sauran tara, ana buƙatar tafinta 90. In kuwa aka yarda da yare ɗaya na tsakiya, 20 sun isa: kowace ta iya shiga, ta iya fita. Haka Hausa take yi wa Bafulatani da Bagwari da Bayarabe a kasuwar Dandume. A kan wannan tunanin hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar da tsarin IGES a 1980, da hannun kamfanonin Boeing da General Electric.

Sai dai yaren tsakiyar bai tsaya ɗaya ba. Autodesk ya fito da AutoCAD a 1982 tare da DXF. Kamfanin Wavefront ya kawo OBJ domin masu zanen fim. STEP ya zama ƙa'idar duniya a 1994 domin injiniyoyi. FBX, wanda aka fara a Kanada domin ɗaukar motsin jiki, ya koma hannun Autodesk a 2006. A 2015 glTF ya zo domin a nuna siffa cikin sauri a intanet da waya. Kowanne an ɗinka shi ne daidai jikin aikin da ya haife shi.

Mu ɗan tsaya kan STL, domin shi ne ya fi yawo a hannun ɗalibai. Chuck Hull ya samu rajistar ƙirƙirarsa ta injin da ke buga abu mai kauri a 1986, kamfaninsa 3D Systems kuma ya fito da STL a 1987. Injin ba ya buƙatar sanin komai sai fatar abin da zai buga, don haka fayil ɗin ba ya ɗauke da komai sai ƙananan alwatika da aka jera suka rufe jikin siffar. Ba launi. Ba sunan sassa. Ko ma'auni babu: lamba 20 tana nan a rubuce, amma ba a faɗi ko milimita ce ko inci ba.

A ce wani ɗalibi ɗan Sabuwa ya zana ƙarfen da ya karye a injin casar masara, zai aika wa masu yanka ƙarfe a Kaduna. A cikin STEP, ramin da ƙusa za ta shiga a rubuce yake a matsayin da'ira mai faɗin milimita 20, kuma wanda ya karɓa zai iya mayar da ita 22 cikin daƙiƙa. Da zarar ya juya zuwa STL, da'irar ta tafi, saura gajerun layuka miƙaƙƙu masu yawa da ido ke ɗauka a matsayin zagaye. In manhajar can ta karanta lambobin da inci, abin ya kumbura sau 25.4. Komawa baya kuwa, daga STL zuwa STEP, kamar a ce a mayar da gari masara ne. Akwai manhajojin da ke cewa suna yi, amma yawanci alwatikan nan suke zubawa a sabon buhu, su canja masa suna.

Masu sha'awar mayar da labaransu katun, ku ma abin ya shafe ku. OBJ ba ya ɗaukar motsi, kuma bayanin launinsa yana cikin wani fayil dabam mai suna MTL. A manta da shi, jarumarku ta iso fari fat ba atamfa ba lalle. Manhajoji ma ba su daidaita kan ina ne sama ba: Blender ta ɗauki layin Z, glTF ya ɗauki Y, shi ya sa wani lokaci mutum ke isowa kwance rigingine.

A ganinmu babbar tambayar tarihin nan ita ce wa ke riƙe da makulli. DWG, ainihin fayil ɗin AutoCAD, mallakar kamfani ne, har sai da wasu kamfanoni suka haɗa ƙungiya a 1998 domin su gano yadda ake karanta shi. A 2016 Autodesk ya daina sayar da sabon lasisin dindindin, ya koma haya. Blender ta bi wata hanyar: da kamfanin da ya mallake ta a Holan ya durƙushe, masu amfani da ita suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai a 2002, suka fanshe ta, ta zama ta kowa.

Wani zai ce ai ga shafukan intanet masu juya fayil kyauta. Mu a nan mun san iyakarsu. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, sai a Disamba aka fara dawo da su. A watannin nan duk abin da ke jingine da intanet ya tsaya cak. Blender da FreeCAD, in suna kan kwamfuta, ba sa neman sabis. Fayil ɗin OBJ kuwa rubutu ne zalla: buɗe shi da Notepad, za ka ga layuka masu farawa da v, kowanne da lambobi uku na wurin ɗigo ɗaya, sai masu farawa da f da ke haɗa ɗigogin su zama fuska. IGES ma tun 1996 aka daina sabunta shi, amma da yake an buga ƙa'idojinsa a fili, har yau manhajojin injiniyoyi suna buɗe fayilolinsa.