Jiki magayi: tarihin sanin zafi

A bakin Bahaushen Adar, daga Tajaye har Illela da Birnin Ƙonni, kalma ɗaya ce ke ɗauke da abubuwa uku. Rana tana da zafi a bazara, barkono yana da zafi a baki, miki yana zafi a ƙafa. Magabata ba su raba su ba, kuma binciken masana ya nuna suna da hujja.

An daɗe kafin a kai ga gane haka. A shekarar 1882 Magnus Blix, wani masani a ƙasar Suwidin, ya gano cewa fatar mutum tana da ɗigo-ɗigo, wasu na jin ɗumi, wasu na jin sanyi. Sai dai an yi fiye da shekara 100 ba a san abin da ke tayar da jijiyar ba. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Amurka suka yi gwaji da sinadarin da ke sa barkono yaji, suka gano wata ƙofa ƙarama a jikin jijiya, wadda aka sa wa suna TRPV1. Yaji yana buɗe ta, haka ma ɗumi idan ya wuce digiri 43. Da ta buɗe, sai saƙo ya bi jijiya zuwa laka, ya isa ƙwaƙwalwa. Ke nan ta ƙofa ɗaya wuta da barkono ke shiga. A 2002 aka gano ƙofar sanyi, wadda na'ana'a ke buɗewa. A 2021 Julius da Ardem Patapoutian suka sami kyautar Nobel saboda wannan fanni.

To, mene ne amfanin zafin? Tarihin kuturta ya ba da amsa. Jama'a sun daɗe suna ɗauka cewa cutar ce da kanta ke cinye yatsu. A 1873 Gerhard Hansen ya ga ƙwayar cutar a birnin Bergen na ƙasar Norway. Daga ƙarshen shekarun 1940 kuma likita Paul Brand, a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa ƙwayar jijiya take lalatawa. Hannun da ba ya jin zafi yakan ɗauki tukunya daga murhu ya ƙone, ƙafa ta taka ƙaya mai ita bai sani ba, miki ya ruɓe, yatsa ya tafi.

A ƙasar Nijar, mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, kusa da Malbaza, sannan cibiyar kutare ta Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magunguna da ke kashe ƙwayar, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Amma magani ba ya cika maido da jijiyar da ta riga ta mutu.

Don haka alamar farko ita ce abin lura: tabo mai haske a fata, wanda ba ya jin taɓi ko tsini. Malamin da ya ga irinsa a jikin ɗalibi, ya tura shi asibiti da wuri, ya ceci hannun da zai riƙe alƙalami da hauya. Hausawa sun ce jiki magayi. Ranar da ya daina gaya wa mai shi komai, ranar ce ya fi bukatar idon wani.