Abincin birnin Kano da gonakin da ke ciyar da shi

Baƙon da ya sauka a Kano ba ya rasa abin da zai kai baki, tun daga waina da ƙosai da safe, zuwa ɗan wake da rana, har tsire da balangu bayan faɗuwar rana.

Sai dai kaso mai yawa na kayan wannan girki yana fitowa ne daga kudancin jihar, musamman yankin da ake kira Bagauda da kewayensa.

Gurasa da kilishi

Abincin da aka fi danganta Kano da shi shi ne gurasa, wadda ake kwaɓawa da garin alkama a gasa a tanderu.

Tarihi ya nuna cewa Larabawa fatake ne suka kawo ta birnin, kuma unguwar Jakara ta yi suna wajen yin ta.

Akan ci ta da tsire, ko a yi bandashe, wato a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, sannan a yanka albasa da tumatir.

Masu neman tsaraba kuwa sukan nufi Agadasawa domin sayen kilishi.

Ruwan Tiga

A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji, zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo.

Daga nan ake sako ruwa ta magudanai zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da tumatir da albasa da alkama.

Tudun Wada ta shahara da cinikin shinkafa, yayin da Doguwa da Kiru ke samar da masara da sauran hatsi.

Kayan gwari sukan bi hanyar Zariya su shiga birni, su sauka a kasuwanni irin su 'Yankaba. Hatsi kuma babbar matattararsa ita ce Dawanau.

Alkamar gida dai ba ta wadatarwa, don haka mafi yawan fulawar da ake gurasa da ita daga alkamar ƙasashen waje ake samunta.

Idan gona ta yi atishawa

Duk abin da ya taɓa yankin, sai an ji shi a tukunyar birni.

A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta share gonaki da gidaje.

A shekarar 2016 kuma tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da maƙwabtanta, farashi ya yi tashin gwauron zabi, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki.

Shi ya sa kula da madatsun ruwa da magudanansu ya shafi mai sayar da abinci a birni, kamar yadda ya shafi manomin Bebeji.