Tagogin Gilashi Masu Launi: Yadda Suka Samo Asali a Turai da Abin da Ya Tsaya a Madadinsu a Ƙasar Hausa

Mutumin Ruma ko Safana da ya ga hoton tsohon cocin Turai, tagoginsa na walƙiya da ja da shuɗi ɗauke da labaran Littafi Mai Tsarki, yana iya tambayar dalilin da ya sa ba kasafai ake ganin haka a majami'un karkarar Katsina ba. Amsar tana cikin tarihin tagar kanta, domin abubuwa uku ne suka haife ta: buƙatar koyarwa, salon gini da yanayin ƙasa.

Tun wajen shekarar 600 Fafaroma Gregori na Ɗaya ya rubuta wa bishop na Marsel cewa zane na yi wa wanda bai iya karatu ba aikin da rubutu ke yi wa mai karatu. Tagogin annabawa irin su Dauda da Daniyel da ke babban cocin Ogsbog a Jamus, masu shekara wajen 900, suna cikin mafi daɗewa da suka rage a mazauninsu. Maƙeran gilashi kan zuba sinadarin kobal cikin narkakken gilashi ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da ja ko kore, su yanyanka shi, su zana fuska da ninkin riga da baƙin fenti, su gasa, sannan su ɗaure gutsattsarin da dalma. Sana'ar ta bunƙasa bayan 1144, lokacin da Suje, shugaban gidan ibada na San Deni kusa da Faris, ya kammala sashen cocinsa da sabon salon da ginshiƙai ke ɗaukar nauyin rufi, har bango ya samu sararin zama taga. A 1248 aka keɓe cocin San Shafel na Faris mai zane 1,113. Faransa ƙasa ce mai sanyi da hazo, kowane ɗigon haske abin nema ne.

A ƙasar Hausa kuwa rana ce ake gudu. Maginin Hausa yana kaurara bango da tubali, ya ƙanƙanta taga, don ɗaki ya yi sanyi da bazara. Da mishan ɗin CMS, wadda Dokta Walter Miller ya kafa a birnin Zariya, ta koma Wusasa a 1929, cocin St. Bartholomew da aka gina can na laka ne, da bakan gizo irin na soron sarakuna. Aikin koyarwa kuma harshe ne ya ɗauke shi: a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Mishan ɗin SIM, wadda ta riƙe asibitin kutare na Babbar Ruga a kan hanyar Batsari, kuma daga gare ta majami'ar ECWA ta fito a 1954, ta fi ba wa'azi da karatu da waƙa muhimmanci a kan hoto.

Wani zai ce talauci ne da rashin gwaninta suka hana. Kuɗi na da nasa tasiri, amma masagan Bida sun daɗe suna narka gilashi suna yin awarwaro da duwatsun ado, kuma Yusuf Grillo, wanda ya yi karatun zane a Zariya, ya ƙera wa majami'un Legas tagogi masu launi. Wani kuma zai ce ai hoto ya fi saurin shiga zuciya. Sai dai zanen da ke can ƙololuwar bango ba ya karantuwa sai mai wa'azi ya warware shi, kuma su kansu Turawa sun yi saɓani a kan hotuna, har 'yan Furotesta suka farfasa na majami'u da yawa a ƙasar Holan a 1566.

Saboda haka kada a auna tsohon cocin Arewa da mudun Faransa. Ginin laka irin na Wusasa tarihi ne na Kirista da Musulmi baki ɗaya, domin fasahar magina ɗaya ce da ta tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Wajibi ne hukumomin adana kayan tarihi da shugabannin addini su riƙa yi masa yaɓe da gyara kafin damina ta ci shi.