Yadda Aka Koyi Ciyar da Mai Tamowa, Daga Ɗakunan Bincike Zuwa Bakin Komadugu

Kafin 2015, wanda ya bi bakin kogin Komadugu a watannin sanyi, daga Shetimari ya ratsa Diffa da Geskeru har Bosso, abin da zai fara cika masa ido shi ne jan tattasai da aka baza yana shan rana. Kogin daga Najeriya yake tasowa, inda ruwan Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa, sannan ya bi iyakar Najeriya da Nijar ya faɗa Tafkin Chadi. Manoma suna jan ruwansa da injin ban-ruwa su noma tattasai da shinkafa da albasa, masunta suna fitowa da banda daga tafki, motoci suna lodi suna yin kasuwannin Najeriya. Da kuɗin tattasai da na kifi gidaje da yawa ke auno geron da za su ci.

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka far wa Bosso da Diffa. Cikin 'yan kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka tsayar da fataucin tattasai da kifi, aka taƙaita sayen takin zamani da man fetur. A watan Mayu aka kwashe mazauna tsibiran tafki. Bayan harin Bosso na 3 ga Yuni 2016 dubban iyalai suka kakkafa bukkoki a gefen kwaltar ƙasa mai lamba 1, a wurare irin su Kinjandi da Garin Wanzam. Waɗanda suka rabu da gidajensu a jihar Diffa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, sun kai wajen 250,000. Ɗakunan kwantar da yara masu tamowa, waɗanda ake kira CRENI, suka riƙa karɓar yara ba ƙaƙƙautawa.

Abin da ke ɗaure wa uwa kai a ranar farko a irin wannan ɗaki, har ya ɓata mata rai, shi ne ƙanƙantar abin da ake bai wa ɗanta. An zagaya damtsensa da zaren awo ya faɗa kan ja, wato bai kai milimita 115 ba. An danna bayan ƙafarsa da ɗan yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba. Ita a zatonta yanzu za a ɗura masa abinci ya ƙoshi. Sai ga malamar asibiti da madara tsululu a ƙaramin kofi. Yaro mai kilo 6 mililita 65 zai sha duk bayan awa 2, dare da rana, ba ƙari. Ba nama, ba ƙwai, maganin ƙarin jini ma sai a ce sai gaba. Uwa takan ce, "Malama, wannan ai ko maƙogwaro ba zai jiƙa masa ba." Malama takan amsa, "Yi haƙuri Iya, zuciyarsa ba za ta ɗauki fiye da haka ba yanzu." Gaskiya malamar ta faɗa. An shafe shekara fiye da 150 ana tono kafin a kai ga wannan gaskiyar, kuma yara masu yawa sun mutu a hannun masu son su da alheri kafin a gane ta.

Tonon ya faro ne nesa da asibiti. A 1833 wasu Faransawa biyu, Anselme Payen da Jean-François Persoz, suka ware wani abu daga tsiron sha'ir, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ke narkar da sitaci mai yawa ya mai da shi sukari. Shi ne enzayim na farko da aka fitar shi kaɗai. Louis Pasteur ya nuna cewa yis abu ne mai rai, ya kuma kafe a kan cewa sai da ran yake iya juya sukari. A 1897 Eduard Buchner a Jamus ya niƙe yis da yashi, ya matse ruwansa, ya zuba sukari a ruwan da babu ƙwaya mai rai a ciki, ruwan ya shiga kumfa. Daga nan aka gane cewa abin da ƙwayar halitta ke yi da abinci aikin sinadarai ne da za a iya bi daki-daki, kowane mataki da enzayim ɗinsa. Wajen 1905 Arthur Harden da William Young a Landan suka lura cewa idan kumfar ta fara mutuwa, da an ƙara fosfet sai ta farfaɗo. Mai karatu ya riƙe fosfet ɗin nan a ransa, domin za mu sake cin karo da shi a gadon asibiti.

Sauran binciken ya biyo baya da sauri. A 1929 Karl Lohmann ya gano ATP a cikin tsoka, sinadari mai ɗauke da fosfet 3, wanda idan aka ɓalle na ƙarshen ƙarfi ke fita, da shi tsoka ke motsi. A 1937 Hans Krebs, wanda shi ma ɗan gudun hijira ne da ya baro Jamus a 1933, ya yi aiki da tsokar ƙirjin tantabara a Sheffield, ya zana zagayen da ragowar sukari ke bi har ta ƙone ta zama iskar da muke fesarwa. A 1961 Peter Mitchell ya bayyana yadda mitokondiriya, 'yan ƙananan sassan da ke cikin ƙwayar halitta, ke ƙera ATP. Ƙwayar gulukos ɗaya tana ba da wajen ATP 30 idan akwai oksijin, 2 kacal idan babu. Jiki kuma ba ya tara ATP. A yini guda baligi yana ƙerawa ya kashe abin da ya kusan nauyin jikinsa.

Wanda ya fi shafar labarinmu shi ne Jens Christian Skou na Aarhus a Denmak. A 1957, yana bincike a jijiyar ƙaguwa, ya gano wani enzayim a bangon ƙwayar halitta wanda ke kashe ATP ɗaya ya fitar da sodiyam 3 waje ya shigo da fotasiyam 2. Sodiyam kullum yana tsiyayowa ciki, wannan famfo kuma kullum yana fitar da shi, kamar masunci a kwale-kwale mai yoyo yana kwalfar ruwa da ƙwarya: ranar da hannunsa ya gaji, ruwa ya fara taruwa. Mutum yana kwance yana barci, famfon nan na cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jikinsa ke kashewa, ko fiye.

Likitocin yara sun daɗe suna bin wata hanya dabam. A 1933 Cicely Williams, tana aiki a Accra, ta bayyana ciwon kumburi na yaran da aka yaye aka ɗora kan kunun masara. Aka ɗauka ƙarancin furotin ne kawai, aka yi shekaru ana ɗura wa yara madara mai kauri da nama da ƙwai da zarar sun iso, ana yi musu ƙarin ruwa ta jijiya, ana ba su sinadarin ƙarfe saboda ƙarancin jini. Alhali darasin yana nan tun 1945, lokacin da aka buɗe sansanin Bergen-Belsen, fursunonin da suka jure yunwar watanni suka riƙa mutuwa bayan cin abincin sojojin da suka cece su. Donald McLaren ya soki aƙidar furotin a mujallar Lancet a 1974, amma asibitoci ba su sauya ba. A 1996 Claire Schofield da Ann Ashworth suka tattara alƙaluma, suka nuna cewa cikin yara 100 masu tamowa mai tsanani da ake kwantarwa, 20 zuwa 30 ke mutuwa, kuma tun shekarun 1950 haka abin yake.

Inda aka haɗa ilimin ƙwayar halitta da gadon jinya shi ne Jamaika, a cibiyar binciken da John Waterlow ya kafa a shekarun 1950, inda Michael Golden ya yi aiki daga baya. Suka auna komai a jikin yaran, suka tarar cewa jikin da yunwa ta ci yana rage kashe ƙarfi ta ko'ina don ya ja kwana. Hanta tana rage ƙera enzayim, ajiyar sukarinta ta ƙare, kitse ya taru a cikinta. Ƙoda ba ta iya fitar da gishiri da ruwan da suka yi yawa. Tsokar zuciya ta sirance. Jiki ya daina ɗumama kansa, ya daina zazzaɓi ko da ƙwayar cuta tana cikin jini. Famfon Skou ya yi sanyi, sodiyam ya taru cikin ƙwayoyin halitta, fotasiyam da magniziyam suka zube ta fitsari. Wannan ragewar ita ta riƙe yaron da rai har ya iso asibiti, ita ce kuma ke sa ƙoshin gaggawa ya zame masa ajali.

Ga yadda abin ke faruwa. Abinci mai yawa ya shiga, insulin ya tashi, gulukos ya kwarara cikin ƙwayoyin halitta. Matakin farko na ƙona gulukos shi ne a manna masa fosfet, saboda haka ɗan fosfet ɗin da ya rage a jini ya bi shi ciki, tare da fotasiyam da magniziyam. Jini ya wayi gari babu su, zuciya ta rasa abin ƙera ATP ɗinta, bugunta ya rikice. A daidai lokacin famfo ya farka ya shiga fesar da sodiyam ɗin da ya taru zuwa cikin jini, ruwa ya biyo shi, jijiyoyi suka cika fiye da abin da siririyar zuciya za ta iya turawa. Yaron da jiya ake murna ya fara ci, yau numfashinsa na sama-sama.

Daga wannan fahimta aka tsara madara iri biyu a farkon shekarun 1990, Golden na kan gaba a aikin, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa su a littafin jagoranta na 1999. F-75 tana da kalori 75 a kowane mililita 100, furotin bai cika giram 1 ba, sodiyam kaɗan, fotasiyam da magniziyam da yawa. Ba don ta sa ƙiba aka yi ta ba. Aikinta ta riƙe sukarin jini, ta mayar da sinadaran da suka zube, enzayim su dawo aiki a hankali. Sai kumburi ya fara saɓewa, yaro ya fara neman abinci da kansa, sannan a koma F-100 mai kalori 100 da furotin giram 2.9. Wannan fahimta ce kuma ta sa ake tada uwa da tsakar dare ta ba da madara, shi ya sa ake lulluɓe yaro da bargo ko a Diffa da zafinta, shi ya sa ruwan gishiri da sukari na masu tamowa, ReSoMal, ya fi na kowa ƙarancin gishiri. Ƙarfe kuwa ana jinkirta shi ne saboda hanta ba ta ƙera isasshen furotin da zai ɗauke shi ba, kuma ƙarfen da ke yawo sakaka yana ciyar da ƙwayoyin cuta.

Matsalar F-100 ita ce sai an dama ta da ruwa mai tsabta, tana kuma lalacewa cikin 'yan sa'o'i, don haka dole uwa ta zauna asibiti makonni, ta bar gona da sauran yara. A 1996 likita André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset a Faransa suka zuba sinadaran F-100 cikin markaɗaɗɗiyar gyaɗa da mai da sukari da garin madara. Babu ruwa a ciki, ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa. Ƙunshi ɗaya na wannan abinci mai suna Plumpy'Nut giram 92 ne, kalori 500. An gwada shi a Habasha da Malawi, amma babban gwajin a Nijar aka yi shi, a yunwar 2005 da ta biyo bayan fari da farin ɗango na 2004. A shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, akasarinsu a jihar Maraɗi, mafi yawa a gidajen iyayensu, kuma wajen 9 cikin 10 suka warke. Kamfanin STA a Yamai ya fara sarrafa abincin a cikin ƙasa, a 2006 gwamnati ta mai da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, a 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da jinyar gida a hukumance. A ganina wannan tsari da aka gina a Maraɗi shekara 10 kafin rikicin tafki yana cikin manyan dalilan da suka sa Diffa ba ta yi asarar yara fiye da yadda ta yi ba.

Wanda za a kwantar da wanda za a sallama, wani gwaji mai sauƙi ke raba su. A zaunar da uwa gefe, a wanke hannun yaro, a yaga bakin ƙunshi a miƙa mata, a ajiye ruwan sha kusa. Idan ya lasa ya sake miƙo baki, hantarsa da hanjinsa na aiki, sai a ba ta na mako guda ta tafi. Idan ya kau da kai, alama ce injin cikin ya tsaya ko akwai cuta a ɓoye, sai CRENI.

An sassauta hanin tattasai a 2017, na kamun kifi a 2019, amma a Oktoban 2019 Komadugu ya yi ambaliya ya ci gonaki, kuma har yau akwai fadamun da manoma ke tsoron shiga. Yaron da ya warke yana komawa ne ga kunun gero, kuma a nan enzayim ɗin Payen da Persoz yake da sauran aiki. Kunu mai kauri yaro ƙarami ba ya iya haɗiye shi, sai uwa ta tsinka shi da ruwa, cikinsa ya cika ƙarfin bai kai ba. Masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin cewa tsiro ko ɗanyen dankali na sa kunu ya saki ya yi zaƙi, kuma bincike a Tanzaniya da Indiya a shekarun 1980 ya tabbatar da amfanin dabarar ga abincin yaye. A jiƙa gero, a rufe shi kwana 2 ko 3 ya tsiro, a shanya ya bushe sarai, a murje saiwar da tsiron a sheƙe, a niƙa. Cokali ɗaya na garin a kunu mai kauri da ya ɗan huce zai tsinka shi cikin mintoci ba tare da an ƙara ruwa ba, sannan a mayar kan wuta ya sake tafasa. Idan da dawa za a yi, murje tsiron wajibi ne, domin ɗanyen tsiron dawa yana da guba.